Amsa ga mai tambaya kan canjin bawul a amfilifayar jita

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa amfilifayarka ta fara ƙara tana tsatsatsa, sauti ya ragu, kana so ka canza bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sauti, da kanka amma kana tsoron shokin. To tsoron naka yana kan hanya wallahi, sai dai ba a bawul ɗin hatsarin yake ba, a cikin akwatin ƙarfen nan yake inda wayoyi suke. Akwai kafasitoci a ciki, wato 'yan na'urorin da ke tara wuta, da ke riƙe wuta bolt 400 zuwa 500, kuma ko ka zare fulogi suna iya riƙe ta. Ni da kaina na ɗanɗana shekarun baya, na zare waya na ce ai shikenan na sa sukundireba ciki, sai ji na yi hannuna ya mutu har kafaɗa, sukundireban ma a bayan ƙofa na tsinto shi. Tun daga ranar na shiga taitayina.

Canjin bawul shi kaɗai yawanci ba sai ka buɗe can ba, ta bayan amfilifayar ake cirewa. Kashe ta, zare fulogi daga bango, ka bar ta kamar minti 20 ta huce don kwalaben nan suna ƙona yatsa sosai. Ka ɗau hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, saboda ka san wanne ne a ina. Wajen cirewa kar ka murɗa kamar ƙwan fitila, kamawa za ka yi daga gindi ka ɗan jijjiga a hankali kana ja. Ƙananan, wato 12AX7, ƙafa 9 gare su da giɓi a gefe guda, ka daidaita giɓin da na soket. Manyan irin EL34 ko 6L6 akwai ɗan tsini a tsakiya mai ƙaho, shi ke nuna maka hanya, in ya ƙi shiga kar ka danna da ƙarfi, karyewa yake yi. Kuma ka duba kalar azurfar nan da ke jikin gilashin, in ta koma fari kamar alli iska ta shiga, wannan bawul ya gama aiki.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne manyan. Ƙananan kam cire ka saka, ba wata matsala. Amma manya sai ka sayi waɗanda aka gwada aka haɗa su biyu ko huɗu, lamba iri ɗaya da wadda ka cire, kar wani mai shago ya ce maka EL34 da 6L6 duk ɗaya ne don suna shiga soket guda. Sannan yawancin amfilifayoyin Marshall da manyan na Fender sai an saita musu bayas bayan canji, wato a daidaita yawan wutar da ke ratsa manyan bawul ɗin, aikin da ake yi da mitar awon wuta alhali amfilifayar tana kunne, hannu kusa da waccan wutar da na faɗa maka. Wannan kam kai wa mai gyara, shi ma wanda ya san na bawul ba mai gyaran rediyo kawai ba. Irin su Vox AC30 mai EL84 su ke saita kansu.

Wajen kunnawa ka tabbatar lasifika a jone take, in ka kunna babu ita taransifomar fitar da sauti ce za ta ƙone, kuma ta fi bawul tsada nesa ba kusa ba. Bar amfilifayar a standby, wato maɓallin da ke barin bawul su ɗau ɗumi kafin sauti ya fito, kamar minti ɗaya, sannan ka rage hasken ɗaki ka zuba wa manyan ido. Ɗan jan haske a tsakiya daidai ne, amma in farantin ƙarfen ciki ya fara ja kamar garwashi kashe nan take.

Af, in tokumbo ce daga Amurka duba bayanta, in an rubuta 120V kar ka kuskura ka jona ta a wutarmu ba tare da taransifoma mai rage wuta ba. Wace iri ce taka? Turo hoton bayanta in faɗa maka ko tana buƙatar bayas.