Ina ake samun takardun zamanin Turawa a Kaduna?

Ɗan'uwa, kai da ka ce kana neman tarihin sarautar garinku, je ka ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon. Kar ka haɗa ta da Arewa House fa, wancan gidan Sardauna ne, ƙarƙashin jami'ar ABU yake. Ita wannan ta gwamnatin tarayya ce, masanin tarihi Kenneth Dike ne ya assasa hukumar a 1954, manyan rassanta uku Ibadan, Enugu da namu na Kaduna mai riƙe da kayan Arewa.

Abin da zai taimake ka shi ne, lardi-lardi aka jera fayilolin, ba da sunan gari ba, na Zazzau daban na Kano daban, na sakatariyar Arewa kuma su ake kira SNP, to ka fara sanin lardi da gundumar da garinku yake a da, in ba haka ba wallahi yini za ka yi kana buɗe kundi a banza. Ka samo lambar fayil ka rubuta a fom, ma'aikaci ya ɗauko maka. A nan za ka karanta, ba a fita da su. Takardun sun tsufa, wasu da ka taɓa gefen sai ya marmashe, ka bi a hankali. Akwai na Larabci da Ajami ma.