Ƙoƙon famfon Golf GTI: amsoshin tambayoyi uku daga Zariya

Tambaya ta farko daga Samaru: Assalamu alaikum. An nuna mini Golf 5 GTI ƙirar 2007, 'yar Kwatano. Dillalin ya ce tun a can an taɓa kwamfutarta an ƙara mata ƙarfi. Na gwada ta daga Kwangila zuwa Dan Magaji, tana tashi kamar an harba kibiya. In saya?

Wa alaikumus salam, Malam. Gudun da ka ji ba ya gaya maka lafiyar injin nan. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, a kwance famfon fetur na saman inji a gabanka, a zaro ƙoƙon da ke ƙarƙashinsa ka gani da idonka.

Ga dalili. Golf 5 GTI ta wannan shekara tana ɗauke da inji mai lita 2.0 da turbo, wanda Volkswagen ke kira EA113. Shi ne kuma a cikin Audi A4 B7 da A3 da Passat B6 na wancan zamani. Fetur a wannan inji kai tsaye ake fesa shi cikin silinda, da matsin da ya kai wajen 110 a ma'aunin bar, don haka ban da famfon cikin tanki akwai na biyu a gefen kan inji. Kamshaf ɗin shigar iska, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, shi ne ke tura shi, da wani tudu mai kusurwa uku a ƙarshensa. Tsakanin tudun da sandar famfon akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, bai fi marfin kwalbar lemo ba sosai, makanikai na ce masa kam folowa. Fuskarsa shafaffiya ce, an shafe ta da baƙin rufi mai tauri. Duk juyi ɗaya na kamshaf, sau uku tudun ke gogarsa, kuma ba abin da ke raba su sai siririn baƙin mai.

Idan aka zaro shi ka ga fuskarsa baƙa sumul, alhamdu lillahi. Idan baƙin ya goge a tsakiya, farin ƙarfe ya bayyana yana ƙyalli, ya kusa gajiya, a canza shi nan take. Idan fuskar ta loɓa kamar cokali, ƙila kamshaf ya riga ya taɓu; in kuwa ta huje kana hango haske ta ciki, to sandar famfon ta riga ta fara cin kamshaf, kuma cinikin ya canza gaba ɗaya. A haska tocila cikin ramin a duba tudun, ka sa farce ka shafa. In farcenka ya maƙale a wani zane, kamshaf ya taɓu.

Ƙarin ƙarfin da dillali ke yi maka talla da shi, a nan yake cizo. Kwamfutar da aka taɓa tana neman fetur fiye da ƙima, wasu ma har sandar famfon suke canzawa da mai kauri, nauyin duka kuma a kan ƙoƙon yake sauka. Ka tambaya ko an canza cikin famfon. Idan mai mota ya hana a buɗe, aikin da bai kai awa guda ba, ka yi masa sallama. Idan kuma zuciyarka ba ta son wannan ɗawainiya, nemi wadda ke da injin EA888, wanda mai lita 2.0 ɗinsa ya fara shigowa a 2008 kuma shi ne a Golf 6 GTI. Nasa ƙoƙon mai 'yar taya ne, birgima yake yi maimakon guga. Gane su ba wuya: filtar baƙin mai ta EA888 a saman inji take tsaye, ta EA113 tana can ƙasa. Sai dai Golf 6 R, duk da sabunta, tsohon injin ne a cikinta.

Tambaya ta biyu daga Sabon Gari: Audi A4 tawa tana sarewa idan na taka ta sosai a hanyar Kano, wutar inji ta kama. An sa na'ura ta nuna P0087 da P2293. Makanikena ya buɗe ya tarar ƙoƙon ya huje. Ya ce a sa sabo kawai, wani kuma ya ce in sayi inji. Wanne zan bi?

Alhaji, duk biyun sun yi gaggawa. Lambobin nan suna cewa ne matsin fetur ya faɗi ƙasa da abin da kwamfuta ta nema, kuma tunda har ya kai ga haka, da wuya a ce ƙoƙon kaɗai ya lalace. Sabon ƙoƙo a kan tudun da ya zazzane tamkar a sa sabon takalmi ne a dinga goga shi a dutsen niƙa, cikin ɗan lokaci zai koma yadda na farko ya zama. In ya huje, abu uku ake dubawa tare: ƙoƙon, kan sandar famfon, da kamshaf ɗin shigar iska. Wanda ya ci a cikinsu a canza shi. Kamshaf na farko-farko ƙarfensa bai kai tauri ba, kamfanin ya fito da gyararre daga baya, wanda ake ganewa da harafin B a ƙarshen lambarsa. Shi za a nema.

Sai tambayar da mutane ke mantawa: ina gutsuren da ya ɓalle ya tafi? Yana cikin inji. Wani lokaci yakan tsaya a gidan sarƙar da ke haɗa kamshaf biyu, a bayan kan inji, wani lokaci garinsa ya gangara ƙasa ya taru a rariyar da ke zuƙo baƙin mai. Rariyar nan in ta toshe, mai ya daina isa ga metal (beyarin cikin inji) da turbo, a nan ne ake rasa inji da gaske. Don haka a sauke kaskon mai a wanke, a duba rariyar, a yanka tsohuwar filta a ga ko akwai ƙyallin ƙarfe a ninkinta, sannan a auna matsin mai da agogon awo. In matsin ya yi daidai kuma babu ƙwanƙwasa daga ƙasa, ba ka bukatar inji. Injin Beljiyam da za a kawo maka daga Panteka ko Ƙofar Ruwa shi ma da nasa ƙoƙon zai zo, ba ka san shekarunsa ba.

Wajen ɗaurawa, a bar inji ya huce, a cire kan batir, domin buɗe ƙofar direba kaɗai yana tayar da famfon tanki ya watso fetur. A sauke matsin da tsumma a hannu, nesa da wuta. Kusoshi uku ne ke riƙe famfon, masu kan tauraro T30, a sassauta su bi da bi saboda sifirin yana turowa. A shafa wa sabon ƙoƙo mai, a sa sabuwar robar zobe, a juya inji har tudun ya kwanta, sannan a ɗaure da sifana mai awon ƙarfin ɗauri a kan Nm 10. Gidan na alminiyam ne, makaniken da ya ɗaure da ƙarfin damtse zai cinye zaren. Lambar ƙoƙon 06D109309C ce, kuma muna roƙonka kada ka yi rowa a nan. Jabu ya yi yawa, fentin baƙi ne kawai a fuskarsa.

Daga nan sai kiyayewa. Baƙin mai ya zama mai ɗauke da shaidar VW 502 00 a jikin galan, 5W-40, ban da mai na awo a bakin titi. Da zafin bazara da ƙurar hunturu irin namu, shawararmu a yi juye duk kilomita 5,000 zuwa 7,000. Ƙoƙon kuwa a leƙa shi duk kilomita 15,000, in an taɓa kwamfuta ko famfo a leƙa shi a kowane juye.

Tambaya ta uku daga Tudun Wada: Na sayi GTI a hannun wani mai sayar da motoci, ya ba ni garantin wata uku a kan inji, da baki, gaban dillali. Bayan sati biyar na kai an ƙara mata ƙarfi. Sati biyu da haka kamshaf ya ci. Yanzu ya ce ni na kashe ta. Na ji ana cewa kamfanin ma ya amsa laifin wannan abu.

Ɗan'uwa, abin da ka ji yana da tushe. A Amurka, Volkswagen ya tsawaita garantin ƙoƙon da kamshaf da famfon a kan wasu motocin zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Amma na motocin can ne, kuma wa'adin ya daɗe da wucewa. Haka dokarsu ta Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani sai in kayan ne suka jawo ɓarnar, ba ta aiki a Zariya. Ko a can ɗin ma, na'urar wakilan Audi da Volkswagen tana gane kwamfutar da aka taɓa ta yi wa motar alamar TD1, kuma mayar da ita yadda take ba lalle ya ɓoye sawun ba. Saboda haka kada ka musa cewa ka taɓa ta. Ka faɗi gaskiya, hujjarka tana wani wurin.

Hujjarka ita ce ƙarfen. Ƙoƙo lafiyayye ba ya hujewa cikin sati biyu, ci ne na dubban kilomita. Tudun da ya daɗe yana cinyewa yakan yi sumul ya rage tsawo, kan sandar famfo ya baje. Kada ka bari yaran gareji su jefar da ko ɗaya. Ka ɗauki hotonsu, ka rubuta abin da agogon tafiya ya nuna ranar saye da ranar lalacewa, ka ajiye rasit ɗin mai. Sannan ku yarda da wani makanike na uku da ba ya cin abincin kowa a cikinku, ya duba a gaban dillalin da ya shaida maganar. Malamanmu sun san hukuncin aibin da ya riga ciniki, kuma shugabannin 'yan kasuwar mota sukan saurari irin wannan kafin a kai ga alƙali.

Duk da haka kada ka sa ran a biya ka duka. Ka ƙara wa inji nauyi ba ka buɗe famfo ka duba ba, kuma ba ka nemi izininsa ba alhali kana cikin wa'adi. A ganinmu sulhu mai adalci shi ne ya ɗauki kamshaf da famfo, kai ka ɗauki ƙoƙo da mai da kuɗin aiki. Abin da kuka daidaita a kai a rubuta shi a takarda, da lambar inji da kwanan wata, ku biyu da shaidu biyu ku sa hannu.