Ku Tambayi Mai Zane: Allo Mai Tsada, Jabun Alƙaluma da Masu Son Aikin Banza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son fara sana'ar zanen barkwanci, kuma na tara 'yan kuɗi. In sayi allon zane mai fuska irin Cintiq ne, ko iPad?

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka faɗa min shafi nawa ka taɓa zanawa ka gama ba, kuma shirun nan ya ba ni amsa. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. In kana da kwamfuta, ƙaramin allo marar fuska na Wacom, Huion ko XP-Pen ya ishe ka, sai ka sauke manhajar zane ta Krita, kyauta ce. In waya kaɗai gare ka, ga manhajar ibisPaint nan. Masu talla za su cika maka kunne cewa wannan alƙalamin yana jin matakan dannawa 8192, wancan kuwa 4096. Hannunka ba zai bambance su ba. Ka gama labari mai shafi 8, sannan ka dawo mu yi maganar iPad.

Tambaya: Wane alƙalami ne ke sa zane ya fito kamar na ƙwararru?

Babu shi. Sai tambaya ta gaba.

Tambaya: Malam, na sayi dozin ɗin alƙaluman Micron a intanet da araha. Da na gama shafa tawada na zo goge fensir, sai duk shafin ya dame, ga mai aiki yana jira. Na fara tunanin ko dai sana'ar nan ba tawa ba ce.

'Yata, kwantar da hankalinki. Hannunki lafiya lau yake, jabu aka sayar miki. Pigma Micron na ainihi, wanda kamfanin Sakura na Japan ke yi tun 1982, tawadarsa in ta bushe ruwa ba ya narka ta. Na jabu kuwa galibi rini ne kawai aka ɗura a alƙalami mai kama da na asali. Ki kira mai aikin yau, ki faɗa masa gaskiya, ki nemi kwana biyu. Ki ɗora sabuwar takarda a kan shafin da ya ɓaci, ki manna su a gilashin taga da rana, ki bi layukan. Zai fi sauri fiye da yadda kike tsoro.

Amma bari in tsaya a nan, don wannan abu ya ishe ni. Mutum zai kwana uku yana fama da shafi ɗaya, sannan ya damƙa shi ga alƙalamin da bai taɓa gwadawa ba, don kawai ya ga dozin a kuɗin guda biyu. Me ya hana shi tambayar kansa ta yaya? Araha ba ta ado, kowa ya san wannan, amma da an ga hoto mai sheƙi sai a manta. Gwajin ma ba wuya: ka ja layi a irin takardar da za ka yi aiki da ita, ka bar shi ya bushe sosai, ka bi da jiƙaƙƙen yatsa, sannan ka murza da magogi. Wani layin ka ajiye shi inda rana ke bugawa na mako guda, ka ga ko zai koɗe ya koma ruwan shuɗi. Kuma ba ka buƙatar dozin. Lamba 01, 03 da 08, wato kaurin bakin alƙalamin, daga dillali mai ba da rasit sun wadatar. Wanda aljihunsa bai kai ba, kwalbar baƙar tawadar zane da ake kira tawadar Indiya da bakin alƙalami na tsomawa za su kai shi nesa, sai dai kada ya kuskura ya ɗura ta a alƙalami mai zuƙar tawada, za ta toshe shi.

Haka zancen yake ga manhajar sata. Wasu sun rubuto suna neman in nuna musu inda za su sami Photoshop ko Clip Studio Paint "da aka fasa". Ba zan nuna ba. Wanda ya fasa manhajar ba don Allah ya yi ba, kuma ba ka san me ya cusa a ciki ba. Ranar da kwamfutarka ta kulle da aikin mutane a ciki, wa za ka kai wa ƙara? Mai zanen da ke kukan an sace masa zane kuma yana aiki da kayan sata, to, ya yi wa kansa hisabi.

Tambaya: Wani kamfani ya ce in yi musu zane uku kyauta don gwaji, wai za su tallata ni.

Ƙanena, talla ba ta biyan kuɗin haya. Ka nuna musu ayyukanka na baya, su ne gwajin. In sun amince, a rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: kafin alƙalami rabin kuɗi, gyara sau biyu, abin da ya wuce haka da kuɗinsa. A fayyace inda za su yi amfani da zanen da tsawon lokacin. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, haƙƙin mallakar zane yana tabbata tun daga lokacin da aka yi shi, ba sai an yi rajista ba, don haka kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka sallama komai ba tare da farashin ya ƙaru ba. Samfuri ka tura shi ƙarami da tambarinka a kai. Cikakken fayil mai dpi 300, wato mai ingancin da ake bugawa a takarda, sai ciko ya shigo.

Tambaya: Malam, ina son buɗe ajin koyar da yara labari cikin zane. Dole ne in saya wa kowa allon zane? Kuɗin yana tayar min da hankali.

Malama, Allah ya saka da alheri, kuma ki ajiye kuɗinki. Takarda A4, fensir, rula da baƙin biro su ne ajin. Ki koya musu ninke takarda ɗaya gida takwas, a tsaga tsakiya da almakashi, ta zama ɗan littafi mai shafi 8. Yaron da ya koma gida da littafin da ya yi da hannunsa zai dawo mako mai zuwa. Ki fara da labari mai akwatin zane huɗu: wane ne, me yake so, me ya tare shi, yaya ta ƙare. Ki dage a kan su rubuta magana kafin su zagaye ta, in ba haka ba za ki ga kalmomi sun matsu a lungu kamar fasinjojin motar haya. Wanda ya ce bai iya zane ba, ki bar shi ya yi mutum da da'ira da sanduna, labarin ne abin dubawa. In akwai rarar kuɗi, ki kashe a fotokofi, a haɗa ayyukansu a ƙarshen zango kowa ya sami kwafi.