Amsa ga malamin da ya yi tambaya kan darasin Adabin Turanci

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka: an turo ka bautar ƙasa wata sakandare a Jega, an damƙa maka Adabin Turanci daga aji huɗu zuwa aji shida, yara ba su da littattafai, in ka ba da jinga ba a yi, su dai ka cika allo su kwafa. Na daɗe ina koyar da darasin nan a ƙasar Argungu, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kada ka yarda rana ta wuce ba a karanta littafin da baki a cikin aji ba. Wannan shi ne gaba da komai. Minti arba'in ɗin nan, ni biyar na farko tambaya nake yi a kan na jiya, wajen ashirin karatu, ragowar muhawara da ɗan abin da za a rubuta. In kwafi shida gare ku, raba su rukuni shida, kowa ya leƙa. Ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa su ne suka kashe mana darasin nan. Yaro zai haddace jigo da sunayen taurari bai taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikinsu ba, ran jarrabawa a ɗan juya tambaya ya tsaya yana cizon biro.

Lokacin da wasan kwaikwayon The Lion and the Jewel na Wole Soyinka yake cikin jerin WAEC na 2021 zuwa 2025, da shi nake buɗe wa 'yan aji huɗu, don gajere ne, kashi uku kawai: safe, rana, dare. Sai in tsayar da yaro ɗaya ya zama Lakunle, malamin makarantar nan mai dogon Turanci, yarinya ɗaya ta zama Sidi, budurwar da yake nema. Da an kai inda Lakunle ya ce shi ba zai biya sadaki ba, wai al'adar duhun kai ce, sai aji ya kaure. Wata yarinya da ke zama can baya jikin taga, wadda zango guda ban ji muryarta ba, ta miƙe da hijabinta duk ƙurar alli ta ce, "Malam, wannan ba wayewa ba ce, ba shi da kuɗin ne." Na bar su suka yi gardamarsu da Hausa har suka gaji, sannan na ce kowa ya rubuta matsayinsa da Turanci, layi biyar, ya kawo hujja ɗaya daga shafin da muka karanta. Wasu shugabannin makaranta ba su son jin Hausa a ajin Turanci. Ni dai na ga yaron da ya fahimci abu da harshensa ya fi samun abin rubutawa.

Maganar jinga kuwa, ka dubi rayuwar yaran kafin ka ce lalaci ne. Ana tashi sai Islamiyya, 'yan mata ga aikin gida, in lokacin yankan shinkafa ya zo rabin mazan suna fadama har magariba, da dare kuma wuta sai an ga dama. In ka ce a rubuto shafi uku, mutum ɗaya zai yi, saura su kwafe da safe a gindin bishiya. Ba da kaɗan, amma kullum, kuma irin tambayar da ba ta kwafuwa: me ya sa Sadiku, uwargidan Baroka sarkin ƙauyen, ta yi murna da ta ji mijin ya ce ƙarfinsa na namiji ya ƙare? Kai da kai ne Sidi, me za ka yi? Ba sai ka duba na kowa kullum ba. Karɓi na layi ɗaya yau, gobe wani layin, kada su san na wa za ka ɗauka. Dogon rubutu kuma a cikin aji ake yin sa, mako-mako, kana tsaye.

Waƙa ce suka fi tsoro, alhali yaran da suka tashi da waƙoƙin fada da na noma sun san kirari da zambo da habaici. Ka haɗa kai da malamin Hausa, domin jigo da salo da kamance duk yana koyar da su, kai sunansu na Turanci kawai za ka ɗora.

'Yan aji shida su san fasalin jarrabawar tun wuri. Takarda uku ce a WAEC: ta farko ta zaɓi, a ciki akwai waƙa da zuben da ba su taɓa gani ba, da tambayoyin Shakespeare irin na wa ya faɗi wannan, ga wa, a ina, ta biyu ƙagaggun labarai, ta uku wasan kwaikwayo da waƙa. Ka kuma gaya wa masu burin karatun lauya cewa sai da kiredit a darasin nan, don da yawa ba su sani ba sai sun zo cike JAMB.

Jerin littattafan shekara biyar-biyar ake sauya shi, kuma sabo ya fara daga 2026, saboda haka ka tabbatar na kwabar makarantarku ba tsoffi ba ne kafin ka sa iyaye su kashe kuɗi. Turo mini sunayen waɗanda kuka zaɓa, in Allah ya yarda zan nuna maka yadda nake raba su zango-zango. Allah ya taimaka.