Tambaya da Amsa: Tsarin mujallar makaranta, daga bango zuwa maɗaba'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida. An ba mu aiki mu nazarci bangon mujallun makarantu, sannan kowa ya tsara nasa. Me ake sa ran gani a bangon? Kuma dole ne in kwaikwayi na mujallun kasuwa?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki kwaikwayi komai, fara neman dalilinsa. Ana sa sunan mujalla a can sama ne saboda mai sayar da jaridu yana jera su wata kan wata, saman kawai mai wucewa ke hangowa. Ta makaranta kuwa hannu da hannu ake miƙa ta ranar bikin raba kyaututtuka. Duk da haka ki bar sunan a sama, ya ci kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsawon bangon, kuma ya zauna da salon harafi ɗaya kowace shekara, domin da shi ake gane ta ko an shekara goma tana cikin akwati. Bajon makaranta ya zo kusa da shi, ƙarami. Shekarar karatu da lambar fitowa su zo ƙarƙashinsa. Baƙaƙen layukan nan da injin kanti ke karantawa ba su da aiki a nan, kada ki zana na ƙarya don ado. Idan makaranta na son lambar ISSN, wato lambar rajistar da ake gane mujalla da ita a duniya, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita.

Inda aka fi ɓata bango shi ne wajen hoto. Sai ki ga gwamna, kwamishina, mai makaranta, shugaban makaranta da ginin ofis duk an cusa su a shafi ɗaya, kowa cikin ɗan da'ira, ɗaliban da aka yi mujallar dominsu babu ko ɗaya. Girmama manya al'adarmu ce, kuma suna da wurinsu a shafukan farko na ciki, tare da jawabin shugaban makaranta. Bango dai na ɗalibai ne. Hoto ɗaya ya isa: yara biyu ko uku suna wani aiki, ko a ɗakin gwaji, ko a filin gudu, fuskar ɗaya aƙalla tana kallon mai karatu. A ɗauke shi a tsaye, a bar fili sama da kawunansu inda suna zai zauna. In aka ɗauka a kwance, sai an yanke rabinsa kafin ya shiga. A nemi yardar iyaye kafin a sa fuskar yaro a bango.

Kanun labarai uku ko huɗu sun wadatar, ɗaya ya fi sauran girma, kuma kada ko ɗaya ya hau fuskar mutum. Kowanne ya faɗi wani abu. "Wasanni" bai ce komai ba. "Koren gida ya lashe gasar gudu, shafi na 18" shi ke sa yaro ya buɗe. Launi biyu, waɗanda ke jikin kayan makaranta, da baƙi, sun isa. Salon harafi ma biyu, ɗaya na kanu, ɗaya na jikin rubutu.

A rahotonki kuma, ki tuna mujallar makaranta masu karatu uku gare ta: ɗalibi mai neman hotonsa, uba mai son ganin inda kuɗinsa ke tafiya, da tsohon ɗalibi mai kewar makarantarsa. Duk abin da kika gani a bango, ki rubuta wanne daga cikinsu aka nufa da shi. Malaminki zai fi son wannan a kan lissafo sunayen sassa kawai.

Tambaya: Mun haɗa shafi 30, mai maɗaba'a ya ce sai dai 28 ko 32. Ba dabarar ƙara kuɗi ba ce?
Daga wani malamin sakandare, Rigasa

Amsa: Malam, gaskiya ya gaya maka. Mujalla mai girman A4, wato milimita 210 da 297, ana yin ta ne da takarda mai girman A3 da aka ninka biyu, kuma kowace takarda tana ba da shafi huɗu. Takarda 7 shafi 28 ke nan, takarda 8 shafi 32. Babu yadda 30 za ta fito a mujallar da ake ɗinkewa da waya a tsakiya. Ka tambaye shi tun yanzu ko lissafinsa ya haɗa da shafuka huɗu na bango, domin nan ake yawan samun saɓani ranar biya.

A mujalla mai shafi 32, shafi na 1 yana kan takarda ɗaya da na 32, na 2 da na 31, haka har tsakiya. Shi ya sa 16 da 17 ne kaɗai wurin da hoto zai ratsa shafi biyu ba tare da ya goce a ninki ba. Can za ka sa babban hoton ɗaliban da ke fita. Shafuka masu lamba mara, 3, 5, 7, kullum a dama suke, kuma su ido ke fara faɗawa, don haka manyan labarai su fara daga nan.

A ciki, raba shafi gida uku, ka bar gefe na milimita 15. Girman harufan jikin rubutu ya zama lamba 10, tazarar layi 12. Kowane hoto da bayaninsa a ƙasa, kowane rubutu da sunan ɗalibin da ya yi shi da ajinsa. Takardar ciki mai sheƙi ta giram 115 zuwa 135 (ma'aunin kaurin takarda ke nan) tana ɗaukar hoto da kyau, bango kuma 250 zuwa 300. In kuɗi ya yi kaɗan, a yi shafukan rubutu da farar takarda giram 80, baƙi da fari, a bar launi ga bango da tsakiya. Idan shafuka suka haura 60, waya ba ta riƙewa sosai, mujallar takan riƙa buɗe baki, gara a ɗaure da gam.

Tambaya: Hotunanmu na bara sun yi kyau a kwamfuta, amma a takarda sun fito dishi-dishi, ga farin layi a gefen bango. Me ya jawo?
Daga wani ɗalibi, Unguwar Rimi

Amsa: Ɗan'uwa, matsala uku ce ta haɗu. Bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da zai cika A4 yana bukatar kusan fiksel 2480 da 3508. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, mai fiksel 1600 kuwa santimita 13 da rabi kawai zai cika da kyau. A turo shi a matsayin fayil, ko a kwafe ta kebul. Na biyu, allo yana haɗa launi da haske, RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. Shuɗi da kore masu ƙyalli sukan dusashe, don haka a juya hotuna zuwa CMYK tun a manhajar tsara shafi, CorelDRAW ko InDesign, a ga yadda za su zama. Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada zalla. In aka haɗa baƙin da tawada huɗu, injin ya ɗan goce, sai harufa su fito da inuwa.

Farin layin kuwa daga wuƙar yanka ne, ba ta sauka daidai kullum. A ja hoton ya zarce gefen shafi da milimita 3 ta kowane ɓangare, rubutu kuma ya tsaya aƙalla milimita 5 daga gefe.

Tambaya: A sashen Hausa na mujallarmu, harufa masu ƙugiya sun koma akwatuna. Yaya za mu yi?
Daga wata malamar Hausa, Kawo

Amsa: Malama, salon harafin da aka zaɓa ne ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, ko kuma kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin naku. Salon harafi irin Charis SIL, Gentium da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne. Kada a yarda a goge ƙugiyar don sauƙi, yara daga abin da aka buga suke koyon rubutu. Gwada manya da ƙanana a kanu da jikin rubutu tun ranar farko. In an gama, a mayar da rubutu zane a cikin manhajar, yadda harufan ba za su sauya a wata kwamfuta ba, ko a fitar da PDF da harufan a ciki, a ajiye kwafin da ake iya gyarawa daban. Sannan a karɓi samfuri ɗaya a takarda kafin a buga sauran, a ba kowane malamin aji shafin ajinsa ya duba sunaye ɗaya bayan ɗaya da rajista a hannu, ya sa hannu.