Tohon lemo ya yi rawaya, jijiyarsa kuma kore

Ka ce lemun tsamin da ke bakin rariya sabon tohonsa ya yi rawaya, ka zuba masa yuriya bai canza ba, kana tambaya ko a ƙara. Kar ka ƙara, ɗana. Tsinko ganye ɗaya daga saman reshe ka ɗaga shi wajen rana. Ka ga fatar ta koɗe, jijiyoyin kuwa kore shar kamar an zana da biro? Yunwar sinadarin ƙarfe ke nan.

Da abin da yuriya ke bayarwa ne ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa za su fara yin rawaya har jijiya, domin bishiya tana kwashe shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Shi ƙarfe in ya shiga ganye ya zauna ke nan, ba ya tashi. Shi ya sa toho ke fara nunawa. In babu shi, ganye ba ya iya haɗa koren da yake sarrafa abinci da shi a rana.

Kuma ƙasar ba ta rasa ƙarfe ba, jan da kake gani a jar ƙasa ma shi ne. Kullewa yake yi. Da zarar ƙasa ta yi kanwa, ma'aunin tsami da kanwar ƙasa da ake kira pH ya haura 7, saiwa ba ta iya shansa. Dubi gindin bishiyar nan da kyau: tokar murhu ake juyewa, ruwan sabulun wanki ke bi ta nan, ga ɓaraguzan siminti a cikin ƙasar, ga ruwa kwance saiwa ba ta shan iska. Masu cewa a binne ƙusa mai tsatsa, bar su, tsatsa ba ta narkewa yadda saiwa za ta sha.

Yau ka kwashe tokar, ka karkata rariyar, ka rage ban ruwa, ka sa ruɓaɓɓen takin gargajiya. Sannan ka je shagon magungunan gona ka nemi salfet na ƙarfe, ka jiƙa kamar giram 5 a lita 1, ka fesa da yamma, ba da tsakar rana ba, don kar ya ƙona ganye. Ka kula da rigarka, yana barin tabo. Feshin nan ganyen da ya taɓa kaɗai yake gyarawa. In tohon gaba ya sake fitowa da rawaya, sai a nemi jan garin sinadarin ƙarfen nan mai rubutun EDDHA, a jiƙa a zuba a gindi, shi ne ke aiki ko a ƙasa mai kanwa.