Ku Tambayi Mai Kwamfuta: Bot ɗin da zai riƙa amsa wa 'yan ƙungiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Kullum tambayar ɗaya ce: yaushe taro, wace lambar asusu za a tura kuɗin wata. Na gaji da maimaitawa. An ce akwai bot, wato shirin kwamfuta mai amsa saƙo da kansa, na kyauta da mutum zai girka da kansa ya riƙa ba da amsa. Ina da tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, kuma na ɗan taɓa Python. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda ka taɓa Python, wato yaren rubuta shirin kwamfuta, wani bot mai suna Errbot zan nuna maka. Akwai Hubot na kamfanin GitHub, wanda ya girme shi kuma ya fi shi suna, amma shi da JavaScript ake masa magana. Errbot da Python aka rubuta shi, lasisinsa GPL ne, wato kowa na iya ɗauka ya duba cikinsa ya gyara, ba a biyan ko sisi.

Girkawar ba ta kai a shanye kofin shayi ba. Ka fara keɓe masa wurinsa da `python3 -m venv`, don sababbin Ubuntu da Debian ba sa yarda `pip`, mai girka kayan Python, ya zuba kaya a tsakiyar tsarinsu, za su yi maka jan rubutu su ƙi. Bayan ka shiga wurin da ka keɓe, ka rubuta `pip install errbot`, ka buɗe sabuwar folda, a cikinta ka buga `errbot --init`. Zai samar maka da fayil mai suna config.py da folda biyu, data da plugins. Ka sake buga `errbot` kawai, zai tashi a baƙin allon nan da kake buga umarni. Rubuta `!tryme`. In ya amsa, to yana da rai. `!help` kuma zai jero maka abin da ya iya.

Daga nan sai a kai shi manhajar hira ta Telegram, inda 'yan ƙungiya za su riƙa tambayarsa. Ka girka ƙarin da ake buƙata da `pip install errbot[telegram]`, sannan ka nemi BotFather, bot ɗin Telegram mai yi wa sababbin bot rajista, ka tura masa `/newbot`. Zai tambayi suna, sannan sunan shiga (username), wanda dole ya ƙare da "bot", sai ya ba ka wata doguwar lambar sirri. A config.py ka mayar da BACKEND ya zama Telegram, ka saka lambar a BOT_IDENTITY, ka mayar da BOT_PREFIX, wato alamar da umarni ke farawa da ita, ya zama `/`. Wannan na ƙarshen mutane na tsallake shi, sai su zo suna cewa bot ya kurmance a guruf. Ba kurma ba ne. Telegram ne ba ya miƙa wa bot hirar guruf sai saƙon da ya fara da wannan karkatacciyar sanda ko wanda aka yi masa kai tsaye, kuma ni dai ina ganin hakan daidai ne. Me bot zai yi da gulmar tsofaffin ɗalibai?

Inda daɗin yake shi ne koya masa aikinka. Kowane ƙari, wato sabon aikin da ka koya masa, fayil biyu ne a cikin plugins: ƙarami mai ƙarewa da .plug da ke faɗin sunansa, da na Python. A na Python ɗin ka rubuta aiki mai suna `taro`, ka ɗora masa `@botcmd` a ka, ka sa ya dawo da rana da wurin taron. Shi ke nan, duk wanda ya rubuta `/taro` ya samu amsa ko da tsakar dare ne. Ka yi wani `/asusu`. Layi biyar ko shida ne kowanne.

Amma ka ji inda gizo ke saƙar. Bot yana aiki ne muddin kwamfutar tana kunne kuma tana kan intanet. Aka ɗauke wuta, batirin tsohuwar kwamfutarka ya mutu, shi ma ya yi shiru, 'yan ƙungiya su dawo kanka. Ko dai ka samo Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta wadda ƙaramin sola ke iya riƙewa, ko ku yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, ta wata-wata daga asusun ƙungiya. Duk wanda ka zaɓa, ka haɗa bot ɗin da systemd, mai tayar da shirye-shirye a Ubuntu da ire-irensa, don ya tashi da kansa in na'ura ta sake kunnuwa. Lambar sirrin nan kuma kada ka ɗauki hotonta ka tura wa kowa. Wanda ya riƙe ta zai iya magana da sunan bot ɗinku, har ya ba mutane lambar asusun da ba taku ba. In ta fita, ka koma wurin BotFather ka soke ta da `/revoke`. A BOT_ADMINS, jerin masu iko da bot ɗin a config.py, ka saka kanka kaɗai, ko kai da ma'aji, don mai wannan matsayin na iya girka ƙari daga cikin hira, ƙari kuwa shiri ne da ke gudana a kan na'urarka.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da atamfa da leshi, duk cinikina a WhatsApp yake. Irin wannan bot ɗin zai riƙa hira da kwastomomina kamar ChatGPT? Daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, a'a ta fuska biyu. Errbot ba ya hira, umarni yake bi. Abin da ba a rubuta masa ba bai san shi ba. Sannan bai zo da hanyar shiga WhatsApp ba. Ƙofar da Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ta amince da ita ta 'yan kasuwa ce mai rajista, kuma akwai saƙonnin da ake biya. Masu cewa za su haɗa miki ta bayan gida suna iya jawo a rufe lambarki, da duk kwastomomin da ke kanta. Ki sauko da WhatsApp Business, kyauta ce. Tana da saƙon maraba, da na "ba na kusa", da amsoshin da kike ajiyewa ki tura da taɓawa ɗaya, da wurin jera hotunan kaya da farashinsu. Ki fara cika wannan wurin da atamfofin da suka fi tafiya.